Sallamar da Tasi'u Bai Yi Ba

Da aka ɗauke wuta, Yaya Hajjo ta ce mu matso kusa, mu rage murya. Ta ce labarin Tasi'u ne, ƙanin wata ƙawarta, ɗan Gumel, wanda karatu ya kai shi ƙasar Turawa.

A can aka ɗauke shi aiki a wani dogon rami a ƙarƙashin ƙasa. Cikin ramin akwai bututu, an jera masa maganaɗisu hagu da dama. Ana koro ƙananan ƙwayoyin lantarki a guje ta tsakaninsu, su yi ta lanƙwasa har su fitar da haske irin na hoton ƙashi a asibiti, amma mai tsananin ƙarfi. Walƙiyarsa gajera ce ƙwarai. Kafin ka ƙifta ido ta zo ta wuce. Da ita suke ɗaukar hoton abin da ido bai taɓa gani ba.

Kafin a kunna na'urar, dole mutum biyu su bi ramin su tabbatar ba kowa. Wata rana abokin aikinsa ba shi da lafiya. Tasi'u ya shiga shi kaɗai.

Ya yi nisa sai ya ji ƙanshin turaren wuta. Ga wata mata zaune a jikin bututun, da goyo a bayanta. Ta gaishe shi da Hausar Gumel. Muryar na riga bakinta motsi. Ya dubi ƙasa. Diddigenta ne a gaba.

Ta ce tun kafin a haƙa ramin nan gidansu ne, kuma hasken yana ƙona su. Ba ta ce su tashi ba.

"Ɗan nan, abu ɗaya nake roƙo. In za ku kunna, ƙwanƙwasa ƙarfen nan ka yi sallama, in kwashe 'ya'yana."

Ya yi mata alƙawari.

Ya kuwa riƙe. Kullum sai ya ƙwanƙwasa, ya yi sallama ƙasa-ƙasa. Aikinsa ya yi ta kyau. In shi ke kan na'ura, hasken ba ya gardama. Aka ƙara masa girma.

Ran nan manyan baƙi suka zo kallo, shugabansa ya ce su raka Tasi'u duba ramin. Suka zo daidai wurin. Tasi'u ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa, sai ya ga idanu a kansa. Dama an fara yi masa dariyar mai magana da ƙarfe. Ya sosa ƙeya da hannun, ya wuce.

Aka rufe ƙofa. Aka kunna. Baƙi suka tafa.

Washegari ya kasa haƙuri, ya koma shi kaɗai. Ba ƙanshin turare. Sai ƙauri.

Tana nan zaune. Zanen goyon na kan cinyarta, ba kowa a ciki.

"Na ji takunka, sai na bar shi yana barci," ta ce. "Na ce ai Tasi'u ba zai wuce shiru ba."

Ya durƙusa, ya ce Inna ki yafe ni. Ba ta ɗaga murya ba. Ta miƙo yatsa mai sanyi ta shafi idonsa na dama.

"Gani kuke nema. To, je ka gani."

Bai san yadda ya fito ba. A bakin ƙofa mai gadi ya yi masa murmushi. Da idon hagu ya ga mutum, da na dama ya ga ƙoƙon kai da haƙora.

Ya ajiye aikin ya dawo gida. 'Yarsa ta sheƙo da gudu ta rungume shi, ya ga 'yan ƙasusuwan haƙarƙarinta suna motsi. Tun ranar yake ɗaure idon da baƙin ƙyalle.

Ba wanda ya motsa a cikinmu.

"Duk inda aka ce a shiga mutum biyu, kada ku shiga ku kaɗai," in ji Yaya Hajjo. "In kuma kun shiga, kada ku yi wa kowa alƙawari a can."