Wa Ya Kashe Furen Maman Peace?

Da Malama Tabita, wadda ake kira Maman Peace, ta dawo daga coci, rami ta tarar a ƙofar gidanta da ke Gidan Igwai. Shukar da ta fi mutum tsayi, mai fure ruwan ɗorawa, babu ita. An haƙe saiwa, an tuttula baƙin mai a ramin, ko reshe ba a bari ba.

Marigayi mijinta Markus ne ya kawo karan daga Jos. Can a bakin hanya take fitowa, amma a zafin Sakkwato sai da rumfa da ban ruwa safe da yamma ta rayu.

Insifekta Maccido ya duba ramin, ya ce, "Wa kike zargi?"

"Kowa. Fara da wancan."

Dodo, maƙwabcinta, bai ko tashi daga benci ba.

"Na ji daɗi, ban ɓoye ma," in ji shi. "Huren nan shi ka tara muna zuma, sun harbi jikata. Amma mi za ni wahala? Abin da ka bushewa da kainai in damina ta wuce?"

"Shekara nawa kana ganinsa a nan?" in ji Maccido.

"Ni ban kallon ƙohwar matar nan."

Victor, ƙanen marigayin, bakanike ne a Tudun Wada. Ya daɗe yana son gina shago a ƙofar gidan, Tabita ta hana.

"Ciyawa ce fa, yallaɓai," ya ce yana goge hannu da Maccido ya same shi a gareji. "Maman Peace ta mai da ciyawa kabarin yayana. Ni ban je unguwar ba. Ka tambayi Gazali mai furanni, shi ya yi ta roƙonta reshe tana korarsa."

Maccido ya ɗauki Tabita suka nufi lambun Gazali. A bayan randar ruwa akwai ledoji jere, kowace da guntun kara, an tsige ganyen.

"Mene ne wannan?"

"Shuwaka ta," in ji Gazali. "Masu miya ka saye."

Tabita ta tona tarin sharar da ke gefe, ta zaro ganye ta shimfiɗa a tafin hannunta.

"Ganyen shuwaka ɗaya yake, dogo, furenta fari. Wannan ya rabu kamar yatsu. Ga kuma furen." Ta jefa masa wani yanƙwanannen fure ruwan ɗorawa a ƙirji. "Ɓarawo."

"Kar ki sake ce min ɓarawo!"

"To faɗi wanda ya kawo," in ji Maccido, "ko ka faɗa a ofis."

Gazali ya ce, "Victor na. Cikin keke ya kawo ya sayar min, ya ce ita ta sa a sare. Da ni ji ana cigiya sai tsoro ya kama ni."

A ofis Victor ya ce ƙarya ce, haɗa baki aka yi.

"Tun a bakin ramin na san irin wanda nake nema," Maccido ya ce. "Dodo ya ɗauka shuka ce mai mutuwa bayan damina, da shi ne sara zai yi ya watsar. Gazali reshe yake so, ba zai kashe uwar da zai riƙa yanka ba. Wanda ya yi wannan ya san kututturen yana tohowa, shi ya sa ya zuba mai. Ya san ko guntun kara aka soka a ƙasa zai kama, shi ya sa ya kwashe duka. Sai wanda ya tashi inda take fitowa, kamar kai Victor da ka tashi a Jos. Kuskurenka kwaɗayi: da ka ƙone rassan, da ban da shaida. Ka sayar wa mutum, sannan ka turo ni wurinsa don ya ɗauki laifinka."

Victor ya juya ga Tabita. "Gidan yayana ne. Za ki ɗaure ni saboda ciyawa?"

"Gidan 'ya'yansa ne," ta ce. "Yallaɓai, ban yafe ba. A kai kotu."

Ta karɓo ledojinta daga lambun, ta sa aka kwashe ƙasar da mai ya ɓata. Ta dasa karan a jere, tun daga ƙofa har ƙarshen katanga, ba ta bar wurin da za a kafa ko tebur ba. Dodo yana benci yana zagi, ita kuwa tana ban ruwa.