Jan Maɓallin da Ya Jira Alhaji

Ƙarfe goma da rabi na safe aka kira 'yan sanda a komisariyar Magariya, aka ce injin matsar man gyaɗa na koperatib ya kama mutum. Kafin Sufeto Tanko ya isa, an riga an lulluɓe gawar da zane. Bawa ne, mutumin Dantchiao, shekara shida yana zuba wa injin nan gyaɗa. Hannun rigarsa bel ɗin da ke juya injin ya fizga.

"Wallahi na danna, Shef," in ji abokin aikin Bawa. "Jan maɓallin tsayarwa na danna har yatsana ya yi zafi. Injin ya ci gaba da juyawa. Sai can ya tsaya, bayan aikin gama ya gama."

Alhaji Inuwa, shugaban koperatib, bai jira an tambaye shi ba. Mutum ne da ko a masallaci ba a shiga gabansa.

"Yarinyar nan za ka kama, Baturiya. Ita ta haɗa akwatin da ke sarrafa injin."

"Kana ina lokacin, Alhaji?"

"Ina gida. Ko salulata ban taɓa ba."

Tanko ya rubuta. Abin ya tsaya masa a rai, don babu wanda ya yi maganar salula.

Aka kawo yarinyar da ake wa laƙabi da Baturiya, idanunta sun kumbura. Karatun lantarki ta yi a Zinder, wannan kuma shi ne babban aikinta na farko. Idan laifin ya tabbata a kanta, gidan kaso za ta tafi da ran mutum a wuyanta, ta kuwa san haka.

"Yi mini bayani kamar ban taɓa shiga lakwal na yi karatu ba," in ji Tanko.

"Shef, ƙwaƙwalwar da ke cikin akwatin ƙarama ce, aiki ɗaya take yi a lokaci guda. Abubuwa uku ke katse mata aiki: jan maɓalli, ma'aunin zafi, da kiran waya idan Alhaji na son jin lita nawa aka matse. Kowanne da matsayinsa. Na sama yana katse na ƙasa, na ƙasa sai ya jira. Jan maɓalli na sa a sama, waya a can ƙarshe, don amsa ta na cin daƙiƙa goma sha wani abu."

"Wa ya buɗe akwatin bayanki?"

Ta sunkuya ta duba, ta ɗago da sauri. "Ina ɗiga janfarce a kan kowane noti in na rufe. Duba, duk an farfasa shi."

Tanko ya sa aka cire bel, aka tayar da injin babu kaya. Ya danna maɓallin, injin ya tsaya cak. Aka sake tayarwa. Wannan karon ya kira numeron akwatin da wayarsa, sannan ya danna. Injin ya yi biris da shi. Ya ƙirga har sha huɗu kafin ƙarar ta mutu. Sai ya tuna cewa a tsawon wannan ƙirgen akwai mutum a cikin bel.

Ya koma kan Alhaji, ya miƙa hannu. "Ara mini salular da ba ka taɓa ba."

Kira na ƙarshe yana nan: akwatin inji, goma da minti goma sha ɗaya.

"To na kira, sai me? Injina ne! Ni ko noti ban iya kwancewa ba."

Wannan dai gaskiya ce. A koperatib ɗin mutum ɗaya ke da kwamfuta, Hisham sakatare, ɗan ƙanwar Alhaji. Tanko ya tafi da Baturiya, ya same shi a biro, ofishinsa, yana ta jera takardun da ke a jere.

"Ban taɓa buɗe akwatin ba, ranka ya daɗe."

"Baturiya ta bar maka kwafin progiram?"

"Don ajiya kawai."

Baturiya ta buɗe kwamfutar, ta nuna layi biyu da yatsa. An musanya lambobinsu ranar Talatar da ta wuce: waya ta hau sama, jan maɓalli ya sauko.

Hisham ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa.

"Kawu ne ya yi ta faɗa. Wai ya kira injin gaban baƙinsa, ma'aunin zafi ya sa shi jira, aka yi masa dariya. Ya ce a gyara ko in nemi wani aiki. Na ga lambobi ne kawai, na mai da kiransa na ɗaya. Babba ne, Shef. Ta yaya zan bar kiransa a bayan maɓalli?"

"Ka gwada maɓallin bayan ka canza?"

"Kiran Kawu na gwada. Ya shiga nan take."

 Takaici ya ishi Tanko, ga tausayi kuma, don yaron bai yi kama da mai kisa ba, ladabi ne ya yi masa yawa inda bai kamata ba. Ya sa aka buga masa ankwa. Baturiya ta jingina da bango ta fashe da kuka, ba na murna ba.

A bakin ƙofa Tanko ya tarar da matar Bawa, yanzu aka sauke ta daga babur, goyo a bayanta. Ta fara tambayarsa ko mijinta ya sha wahala, sai wayar Tanko ta ɗauki ƙara. Alhaji Inuwa ne, daga inuwar motarsa, taku ashirin kacal, yana yafito shi da hannu.

Tanko ya mai da wayar aljihu tana ta ruri.

"Ina jin ki, baiwar Allah," ya ce. "Ci gaba."