Ɗakin da Ke Bayan Bango

“Ɗakin wace ce wannan?”

’Yar Fitila ba ta ɗaga murya ba, amma ofishin ya yi tsit. Magini ya juyo da kujerarsa, ya leƙa kwamfutarta, ya haɗiye yawu.

Su shida ke aiki a fayil ɗaya, suna gina unguwar wani fim a cikin kwamfuta, irin wadda kyamara ke iya zagayawa lungu-lungu. Magini ke ta da bango da kujeru, Doguwa ta shafa launi, ita kuma ’Yar Fitila ta zo daga ƙarshe ta sa haske. Ƙa’idar sana’ar ɗaya ce: abin da kyamara ba za ta gani ba, ba a gina shi. Gidajen duk fuska ce, bayansu wayam, kamar yawancin samarin da ta sani.

Yau da ta karkato da ranar cikin fayil ɗin zuwa yamma, sai inuwa ta faɗo inda ba ta taɓa faɗowa ba. Ta bi ta, ta ratsa bango, ta tarar da ɗaki. Cikakke! Gado, labule, madubi, har da kofin shayi a kan tebur.

“Masoyiya, ki bari a tashi aiki...”

“Ajiye masoyiyar tukuna. Na wace ce?”

“Naki ne. Namu. So nake in nuna wa Babanki irin ginin da zan yi a filina.”

Baban da ya ce ba zai ba da ’yarsa ga mai gina gidajen da ba a kwana a cikinsu ba. Mama ta yi ta lallashi har ya sauko, kuma yau da yamma yake jiran amsarta: manyan Magini su zo, ko su yi zamansu.

“Nawa ne ko? Bari mu gani.”

Kowannensu yana da mutum-mutuminsa a fayil, daidai tsayinsa, don gwada ƙofofi. Ta jawo nata, ta tsayar gaban madubin.

Madubin ya yi mata sama, ko ɗankwalinta bai fito ba.

Ta jawo na Doguwa. Fuska ta zauna a tsakiyar madubi daram, kamar da ita aka zo sayensa.

“Ni dai ban ce komai ba,” in ji Doguwa daga teburinta, tana gyara zobe. “Amma labulen ni na zaɓa. Ya yi kyau ko?”

“Wallahi da tsayinki na auna!” Magini ya miƙe, ya fuskanci ’Yar Fitila. “Rabin raina, ki yarda da ni...”

“Rabin? Yau na ga inda ɗayan rabin yake.”

Sauran ma’aikatan suka duƙufa kan aiki da himmar da Manaja bai taɓa gani ba. Kunnuwansu dai suna nan.

’Yar Fitila ta ɗauki jakarta. Idonta ya cika taf, amma ta rantse Doguwa ba za ta ga ɗigo ɗaya ba. Ta kai hannu za ta kashe kwamfutar, sai ta tsaya.

Kofin shayin.

Ta koma ta zauna, ta matso da mutum-mutumin Doguwa kusa da tebur. Kofin ya kusa kai tukunya. Mariƙin ƙofa ya fi tafin hannu. Magini yana da aibobinsa, ta san su ɗaya bayan ɗaya, amma bai taɓa gina kofin da sai an kama da hannu biyu ba. Wani ne ya tattara ɗakin gaba ɗaya ya ja shi ya ƙara girma, har rufin ya leƙo saman bango ya yi inuwa.

“Yaya Doguwa,” ta ce a hankali, “a gidanku da bokiti kuke shan shayi?”

Wani ya fashe da dariya, ya mayar da ita tari.

“Hannuna ne ya zame...” in ji Doguwa.

“Ya zame har ya tsaya daidai fuskarki? Allah ya ba mu irin wannan hannu.”

Doguwa ta tuna tana da kira a waje.

Magini ya sauke ajiyar zuciya. “Kin gani ko, zuciyata?”

“Na gani. Yaya aka yi ta san da ɗakin?”

“Launin labule kawai na tambaye ta...”

“Wato ta riga ni shiga ɗakina.”

Ya buɗe baki, ya rufe. A karon farko yau ya yi abin da ya dace.

’Yar Fitila ta maido da ɗakin girmansa. Madubin ya sauko, fuskarta ta bayyana. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta goge labulen, ta ɗauki waya.

“Baba, ina wuni... Eh. Su zo.”

Magini ya washe baki har kunne. Ita kuwa ta kwashe ɗakin zuwa wani fayil daban, ta kulle shi da lambar sirri.

“Gimbiya, ba ni lambar mana. Ai ni na gina.”

“Bayan aure,” ta ce, tana gyara hasken titi. “Shi ma sai na ga hali.”