Tayar Hagu ta Motar Alhaji Sharafaddeen

Ƙarfe tara na safiyar Laraba aka bugo waya ofishin 'yan sanda. Wata farar mota ta ƙwace a hanyar fita gari, ta wuntsila cikin kwalbati. Mai ita, Alhaji Sharafaddeen, dillalin atamfa a Kasuwar Kilomita Biyar, ya rasu nan take. Shi kaɗai ne a ciki.

Sufeto Abdurra'uf ya tarar da motar ƙafafu sama. Tayar gaba ta hagu ta kwanta ciki, sandar da ke haɗa ta da sitiyari ta karye. Sifirin ɗin kuwa sababbi ne fil. Ƙanin mamacin ya ce ranar Litinin aka sa su, aka ɗaga motar a garejin makaniki Rilwanu, don ta jure ramukan hanyar Kamaru.

Labari ya riga Sufeto zuwa garejin. Mutane sun taru a bakin titin Koudoukou, har da mai riƙe da galan ɗin fetur. Sufeto ya yi musu magana da yaren Sango, ya girke 'yan sanda biyu a ƙofa, sannan ya shiga. Rilwanu na maƙale bayan tulin tsofaffin tayoyi.

"Kai ka ɗaga motar?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Ka saita ƙafafunta bayan nan?"

"Wallahi na saita."

Ya bayyana cewa duk motar da aka ƙara wa tsawo, tayoyinta karkacewa suke yi, sama ta leƙa waje ko ta faɗa ciki. Dole a ja zare, a gwada da ma'auni, a juya noti har su tsaya daidai. Shi kuma in ya ɗaure noti, yakan ja layin jan fenti daga kansa zuwa jikin ƙarfen, ya kuma rubuta lambar kilomita a kati.

A motar 'yan sanda aka kwantar da shi aka fita da shi, don kada taron ya gan shi. Da suka isa kwalbatin Rilwanu ya durƙusa ya duba. A ƙafar dama layin fentin na nan a miƙe. A hagu ya rabu biyu, rabin noti ya juya gefe. Ya shafa karyayyar sandar, ya ɗago a firgice.

"Wannan sawun guduma ne. Lanƙwashewa ta yi aka miƙe ta. Ni ba na dukan sandar sitiyari, canza ta nake yi."

Sufeto ya leƙa agogon kilomita, ya gwada da katin. Daga gareji zuwa gidan Alhaji, daga gidan zuwa nan, kilomita goma ne. Agogon ya ƙaru da talatin da takwas.

A gidan makoki Hajiya Nuriyya, matar mamacin, ta amsa masa daga bayan labule. Ta ce ranar Talata Alhaji a ƙasa ya tafi kasuwa, makulli na hannun direbansu Haris. Yau da safe Haris ya ce zazzaɓi ya kama shi, Alhaji ya karɓi makullin ya ja motar da kansa.

Haris na zaune cikin masu zaman makoki, yana jan carbi da sauri. Sufeto ya kira shi zaure. Ya rantse cewa ranar Talata motar ba ta motsa ba, wanke ta kawai ya yi.

"Zazzaɓin ya sauka?"

"Da sauƙi."

Sufeto ya taɓa goshinsa. Sanyi ƙalau, sai gumi. Ya buɗe tafin hannunsa na dama, ga sabon kumburin jini a babban yatsa, irin wanda guduma kan bari in ta kuskure.

"Kilomita ashirin da takwas sun ɓata, Haris. Ina ka kai su?"

Carbin ya zame masa.  Ya ce ya ɗauki motar ne ba da izini ba, don ya ji daɗin sabon sifirin. A hanyar dawowa ya afka rami da gudu, sanda ta lanƙwashe, taya ta karkace. Ya ji tsoron komawa wurin Rilwanu, don Alhaji zai ji, shi kuma an riga an yi masa kashedi sau biyu. Sai ya ari guduma da sifana, ya miƙe sandar, ya juya noti da ido har tayar ta yi kamar ta tsaya. Da ya gwada, sitiyarin na fizga, wani abu na ƙara a ƙasa.

"Shi ya sa ka ƙi shiga yau."

"Tsoro na ji, ranka ya daɗe. Na ɗauka a hanya za ta tsaya kawai."

"Da ya miƙo hannu ya karɓi makullin, me ka ce masa?"

 

"Na ce Allah ya kiyaye hanya."

Daga bayan labule aka ji Hajiya Nuriyya ta ja salati, muryarta ta yanke a tsakiya. Sufeto ya sa wa Haris ankwa, ya bi da shi ta ƙofar baya. 'Yan sanda biyu suka kai shi mota.