Yatsun Mai Dalma

Ranar da suka fara haɗuwa, wurga wa Mai Dalma, mai liƙa wayoyi a ma'aikatarsu, wani allon lantarki ta yi a kan tebur. Injiniya ce, ita ta zana hanyar da bayanai ke gudu a kai, biliyan goma a daƙiƙa ɗaya, ta siraran layukan tagulla guda biyu. Allon ya faɗi gwaji, ta ce liƙinsa ne banza.

Mai Dalma ya duba ta madubin ƙara girma, ya ce layukanta ne tsawonsu bai zo ɗaya ba. Kamar ta mare shi. Ta auna, ta ga gaskiyarsa.

Da yamma saƙo ya shigo: "Masifaffiyata, kin gama huci? Ina son mai faɗa irin naki."

Ta mayar: "Ɗan rainin hankali. Gobe ka zo da wuri."

Da maganar aurensu ta taso, babanta ya ce sam, mai digiri biyu ba za ta auri mai liƙe waya ba. Ya fi son shugaban sashensu. Yayanta ya tare Mai Dalma a ƙofar ma'aikata, ya kayar da shi, ya taka hannunsa na dama har yatsu biyu suka karye. Ta iso a guje, ta rafka wa Yaya jakar kwamfuta a fuska, hanci ya fashe. A gida Baba ya wanka mata mari biyu, ya ƙwace wayarta. Ko hawaye ba ta yi ba.

Shugaban sashe ya ce in sabon allon bai shiga gwaji ba kafin mako ya ƙare, mai karyayyen hannu ya kama gabansa. Ita ta ɗauki ƙarfen liƙin. Yana tsaye bayanta da bandeji yana cewa rage, ƙara, ɗaga, tana ƙonewa tana cije leɓe. Kwana uku allon na cikin akwatin gwajin zafi ana girgiza shi, kuskure ko ɗaya bai fito ba.

Ta je ta durƙusa gaban Baba, ta shimfiɗa hannayenta duk bororo.

"Baba, an karya nasa, na yi masa aikin da nawa. Ko a karya waɗannan ma, ko a sa rana."

Baba ya daɗe yana kallon ƙunar. Sai ya sa aka kira Yaya, ya ce ya je ya ba surukinsa haƙuri.

Bayan wata biyu aka ɗaura. Baba ya dafa kansu, ya ce Allah ya yi musu albarka, ya kuma ba angon juriya, don shi ya san abin da ya haifa.