Tagumin Dakar

"Salamatu, ana sallama da ke a bakin ƙofa. Wai ɗan garinku ne."

Gardin lakwal ɗinmu, wato mai gadin makarantarmu, shi ne ya kawo mini saƙon, ranar Lahadi ina cikin wanki. Shekarata ta uku ke nan a Dakar ina koyon aikin ungozoma, ko kare bai taɓa zuwa nemana ba. Wa ma zai zo? Daga Gaya sai ka haye kogi zuwa Malanbil, ka hau kamyo, motar kaya, zuwa Paraku, ka shiga jirgin ƙasa zuwa Kwatano, sannan jirgin ruwa ya yi ta girgiza ka har hanjinka ya juya.

Na fito da kumfar sabulu a hannu. Hamani ne.

Hamani mai fito, ɗan masuntan bakin kogi, wanda ya kai goron neman aurena kafin in taho, Baba ya ce a dakata sai na gama karatu. Yana tsaye da ƙunshin kaya a hammata, ya rame, ya yi baƙi ƙirin.

"Fofo, Sala," ya gaishe ni da harshensu.

"Hamani! Me ya kawo ka? Wa ka bar wa jirginka?"

"Siddo ƙanena."

"Lafiya dai?"

"Innarki ce ta aiko ni."

"A kan me?"

Ya sunkuyar da kai. Hausarsa dama ta kasuwa ce, Dandanci ne harshen gidansu, sai ya auna kalma kafin ya sake ta.

"A kan hoton nan naki..."

Ban san lokacin da dariya ta kuɓuce mini ba. Dariyar haushi.

Ga yadda aka yi. A Dakar duk ɗaliba in ta kwana biyu sai ta je ta ɗauki hoto ta aika gida. Ni ma na ari 'yan kunnen Ajuma, 'yar Doso da muke ɗaki ɗaya, na tafi. Mai hoton ya zaunar da ni gaban wani labule mai zanen furanni, ya kama hannuna ya ɗora mini a kumatu, ya ce haka masu ilimi suke zama. Duk 'yan ajinmu haka aka yi musu. Ni kuwa na manta shaf cewa a gidanmu wannan zaman sunansa tagumi. Tun ina ƙarama in na yi shi Inna take fizge mini hannu ta ce, "Uwarki ta mutu ne?"

"Don Allah, Hamani, saboda hoto ka ƙetaro duniya?"

"Ta gan ki kin yi tagumi."

"Mai hoto ne ya sa ni! Yayi ne!"

"Na gaya mata haka. Ta ce to idon fa, shi ma mai hoto ne ya sa?"

Na ce ya jira ni in shanya wankina.

Da la'asar na nemi izinin fita wajen Madam mai kula da mu, na ce yayana ne ya zo. Na zaga da shi gari. Ya kalli benaye ya taɓe baki. Na saya masa shinkafa da kifi irin ta mutanen nan, ya ci loma biyu ya ce shinkafar duk a karye take, kifin kuma bai san laka ba. Da muka isa bakin teku ya tsuguna ya ɗebi ruwa ya kai baki, kamar yadda yake yi a kowace mashayar kogi. Ya furzar.

"Wa ya ɓata musu ruwa haka?"

"Haka Allah ya yi shi."

"Kuma a nan kike shekara uku?"

"A nan nake."

Muka zauna a kan wani dutse. Ya tambaye ni yadda muke rayuwa, na gaya masa. Ƙararrawa ke tashe mu, ƙararrawa ke kwantar da mu. Da safe burodi da ruwan kafe, ni da na tashi da fura. Da hantsi asibiti, mata suna naƙuda suna kiran uwayensu da Wolof, ni ina ce musu sannu da hannu don bakinmu ba ɗaya ba. Da yamma karatu. In Ajuma ta tafi aikin kwana, sai in wuni in kwana ban furta kalmar Hausa ko ɗaya ba. Akwai ranar da na tsinci kaina ina yi wa tukunyar wanki magana.

Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba. A takardun da nake aika wa Baba kullum lafiya lau nake.

"Ashe Inna ta gani daidai," Hamani ya ce.

"Ta gani daidai."

Sai kawai na ji abin da na daɗe ina dannewa ya taso. Saura wata uku jarrabawar ƙarshe, na sani. Wadda ta tafi kafin nan ta tafi a banza, ba takarda, ba aiki, shekara uku sun bi ruwa. Amma ga Hamani a gabana, yana warin hayaƙin kifi da rana, warin gida.

"Hamani, yaushe jirgi zai koma?"

"Jibi."

"To da ni za ka tafi."

"A'a."

Na juyo na dube shi. "Me ka ce?"

"Ba ɗaukarki na zo yi ba."

"To me ka zo yi? Ka ɗanɗana teku?"

"Sala..."

"Kai ne fa ka tsaya a bakin kogi ranar da zan taho kana cewa ba za ka iya shekara uku ba! Yanzu ni na ce na gaji, mu je a ɗaura, ka ce a'a? Ko ka samu wata ne a Malanbil?"

"Wallahi ba kowa a raina sai ke. Ke kaɗai, tun kina kawo wa Baba abinci a gonar shinkafa."

"To ka kai ni wajen uwata. Tunda ta damu har ta taso ka, in je ta gan ni da idonta."

Ya kwance ƙunshinsa, ya ciro wani ƙyalle, ya warware. Hoton ne. Fuskata tana nan, 'yan kunnen Ajuma suna nan, amma hannun babu. An kankare shi tas, sai farin takarda daga kumatuna har gwiwar hannu.

"Da allura ta yi," ya ce. "Ta ce ta kasa barci tana ganinki haka, kuma hannunta ba ya kaiwa Dakar. Kullum sai ta kankare kaɗan."

Na shafa wurin. Ya yi kaushi.

"Da ta gama sai ta sa aka kira ni. Ta ce, na takarda na cire, saura na jiki. Ka je ka cire mata, amma kada ka dawo mini da ita hannu wofi. Matan garin nan suna mutuwa a kan gwiwa, ita muke jira. Ka gaya wa Salamatu..."

"Tsaya."

Ya tsaya.

"Wa ta ce ka gaya wa?"

Ni ce 'yar farin Inna. Tun da ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, kunya ba ta bari. Waccan, haka take ce mini. Ko ranar da zan hau jirgin fito, waccan ta ce a miƙa wa ƙullin yaji. Macen da ta yi shekara ashirin tana riƙe da suna a bakinta ba ta sakinsa haka kawai.

"Hamani, da bakinta ta ce Salamatu?"

"Da bakinta."

"Tana kwance ne lokacin?"

Ya gyaɗa kai.

"Yaushe?"

"Bayan an yanke shinkafa. Zazzaɓi ne, bai ja da nisa ba. Baba ya ce kada a rubuto miki sai kin gama. Ni kuma na riga na yi mata alkawari... sai da aka yi sadakar arba'in na taso." Ya dube ni. "Na so in riƙe har ki gama, Sala. Bakina ne ya ci amanata."

Ban yi kururuwa ba. Na ga mata da yawa suna yi a asibiti, na san ba ta dawo da kowa. Na zauna ina kallon ruwan nan da ba a sha. Can nesa masunta suna jawo jirage, yara suna ihu, wata mata tana tallan gyaɗa. Hawaye suka zo da kansu, ban hana su ba.

"In kin ce mu tafi jibi, za mu tafi," ya ce a hankali. "Ba zan tilasta ki ba."

"In je in tarar da wa?"

Ya kawar da kai.

"Kai fa? Jibi za ka koma?"

"Ina zan je? Na ga masu jirage a can, ko ba mu jin bakin juna sun san mai riƙe filafilin tuƙi in sun gan shi. Zan zauna. Duk Lahadi in zo ki samu mai yi miki Hausa, ko da irin tawa ce."

Haka aka yi. Ya zauna wata ukun, ya koyi cin karyayyar shinkafa, bai daina zagin teku ba. Na ci jarrabawa, muka koma tare, aka ɗaura mana aure a Gaya da kaka. Yarinyar farko da na karɓa a garinmu uwarta ta tashi lafiya.

Amma wannan duk daga baya ne. A ranar, a kan dutsen nan, ban san lokacin da gwiwar hannuna ta hau cinyata ba, tafina ya tallafi kumatuna. Wannan karon ba mai hoto.

Hamani ya matso. Ya kama hannun a hankali, ya sauke shi, kamar yadda aka aiko shi ya yi. Bai sake shi ba har aka kira magariba.