Lakar da Ruwa Bai Wanke Ba

Ganye ne ya tona asirin. Damina ta yi nisa a Sokode, kowane itace a Lambun Jamus ya yi kore shar, amma babban maɗacin da ke tsakiya sai kakkaɓe ganye yake yi. Wata safiya Garuba, tsohon da ke gadin lambun, ya zunguri lakar da ke manne a gindinsa da sanda. Ta faɗo kamar fasasshiyar tukunya. A ƙarƙashinta an zagaye itacen da sara, an ɗaye ɓawon kaf, gatari har ya ci tsoka. Itacen da aka yi wa haka ba ya tashi.

Birgadiye Fuseini, shugaban gardawa, wato dogaran kumandan, Baturen da ke mulkin garin, ya zo ya tsuguna ya daɗe yana dubawa. Gwiwoyinsa na ciwo. Ya ɗauki wani guntun lakar, mai duhu da tauri, ya jefa a aljihu.

Jamusawa ne suka dasa lambun, amma maɗacin a nan suka same shi. A wannan shekarar kumandan ya ƙudura a gina wa baƙi rumfar hutawa da rijiya, don ana sa ran gwamna daga Lome bayan damina. An yi ta zama a kan wanda zai ba da me. Lome ta aiko da kwanon rufi. Fataken zango suka ɗauki rijiya da abincin ma'aikata. Katako ne aka rasa mai bayarwa, kuma dokar lambun ta ce ba a taɓa ɗanyen itace, sai wanda ya mutu da kansa. Katangar rumfar ta tashi, ta tsaya kai buɗe an lulluɓe ta da zana.

Kumandan bai ja magana ba. Ta bakin tafinta ya ce masu magani ne suka yi ɓarnar, mai gadi kuma ya sayar musu da hanya. In ba a kawo masa wani ba, Garuba zai bi ayarin aikin hanya na gaba. Fuseini ya sha raka irin wannan ayari. Ya san tsofaffi ba sa dawowa.

Ya sami Garuba a kaso, zaune a kan buhu.

"Baba, ka ga lakar nan tun yaushe?"

"Tun kafin ruwan farko."

"Ba ka faɗa wa kowa ba?"

"In ce me? Masu magani sukan ɗebi ɗan ɓawo su shafe wurin. Tun Jamus na nan haka ake. Idona ma ba kamar da ba, ɗana."

"An sami ɓawo a ɗakinka."

"Na cikina ne. Mai kashe itace don ciwon ciki, ai ya fi cikin lalacewa."

"Wa ya ɗiba na ƙarshe?"

"Barakatu, ta Dapango. Kowace rani tana zuwa."

Fuseini ya fara da Mamadu mai zarto, wanda kowa ya san ya taɓa neman sayen maɗacin aka hana shi. Wannan bai ɗauki lokaci ba. Mamadu yana Blitta tun tsakiyar rani yana yanka wa masu jirgin ƙasa katako, sarkin zango da direbobi duk sun shaida. Saura Barakatu.

Hanyar arewa ta jiƙe. Kamiyo, motar kayan da ya hau, ya yi ta kafewa a taɓo har Fuseini ya daina ƙirgawa, a Mango kuma suka yi zaman jiran kogin Oti ya sauka. Ya isa Dapango jikinsa kamar an daka.

Barakatu tana bakin kasuwa a bayan tarin saiwoyi da ɓawo. Ta dubi jar hularsa, ba ta tashi ba.

"Mai bindiga, basir ne ko ciwon baya? Tafiyarka ta nuna duka biyun."

"Iya, maɗacin Sokode ya mutu. An ce ke ce."

Ta ajiye wuƙarta. "Ya mutu?"

"An zagaye shi."

"Inna lillahi." Ta jawo wani ɓawo ta miƙa masa. Faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. "Ga nasa. Ɗaya ta gabas, ɗaya ta yamma. Haka uwata ta koya mini. In na zagaye shi, baɗi in ɗebi me? Ƙafarka?"

"Kin shafe wurin da laka?"

"Da ƙasar gindinsa da ɗan ruwa. Ta tare rana ne kawai. Ruwan farko ya wanke ta, lokacin itace ya warke."

Fuseini ya sa hannu a aljihu ya taɓa guntun lakar. Ruwa nawa ya zuba a kanta, ga ta nan ƙam. Ya sayi maganin baya, ta tsawwala masa kuɗi.

A gidan da ya sauka mata suna daɓe. Suna buga ƙasa suna yayyafa wani jan ruwa mai ɗan tsami a hanci. Makuba ce, ruwan kwasfar ɗorawa da ake sa wa gini don kada damina ta cinye shi. Fuseini ya fito da guntun lakarsa, ya jiƙa ta da yawu, ya shinshina. Ya karya ta. A ciki har da yankakkiyar ciyawa.

Da ya koma Sokode bai biya ta buro, ofishin kumandan, ba. Ya wuce lambun. Alassani, maginin da aka ba aikin rumfar, yana zaune a kan tubali, ma'aikatansa sun tafi cin abinci.

"Sannu da aiki, sarkin magina."

"Birgadiye, barka da hanya. An samo ta?"

"An samo. Yaushe za a ɗora kwano?"

"In katako ya samu."

"Daga ina?"

Alassani bai dubi maɗacin ba. Ya dubi ƙasa. "Tunda wancan ya mutu, kumandan ya ce kada a yi asararsa."

Fuseini ya je jikin katangar, ya ɓanɓaro ɗan yaɓe da wuƙa. Ya ajiye shi a kan tubali kusa da guntun aljihunsa. Launi ɗaya, ciyawa ɗaya.

"Mai magani ƙasa da ruwa take shafawa, ruwan farko ya tafi da ita," in ji shi. "Mai zarto ba ya gari. Tsoho ba ya iya ɗaga gatari. Wanda ya rufe saran nan ya so a ce aikin masu magani ne, amma ya kwaɓa lakar da makuba da ciyawa, ya kuma goge ta sumul. Kuma a garin nan mutum ɗaya ne aikinsa ya tsaya don rashin mataccen itace."

Alassani ya daɗe yana kallon guntayen biyu. Da ya yi magana, muryarsa ta mutumin da ya gaji ce.

"Wallahi ban san na zuba ba. Tun ina ƙarami nake kwaɓa ƙasa. Hannuna ba ya iya yin ta gaya."

"Me ya kai ka?"

"Me ya kai ni? An ba ni kwano, an ba ni tuwo, an ce in yi rufi. Na je wajen fatake, suka ce sun yi rijiya. Na je buro, aka ce Lome. Lome ta ce ta ba da kwano. Kumandan ya ce gwamna zai zauna a inuwa, ko ni da mutanena mu tafi aikin hanya. Kai ka san hanya, Birgadiye."

"Na sani. Shi ya sa ka bar tsoho ya tafi a madadinka."

"Na zaci faɗa za a yi masa."

"Kana nan aka wuce da shi a ɗaure."

Alassani ya tashi ya wanke hannuwansa a tulu, a hankali, har ƙarƙashin farce. Sannan ya miƙo wa Fuseini su ya ɗaure.

Kumandan ya saurari bayanin, ya juya guntayen lakar da bakin alƙalami, ya ce a saki mai gadi. Abin da ya tambaya bayan haka shi ne ko akwai wani magini a gari. Alassani ya bi ayarin da aka shirya wa Garuba, Fuseini ne ma ya raka su har bayan gari. Aka aika Blitta aka kira Mamadu da zartonsa.

Rumfar ta kammalu kafin kaka. Gwamna bai zo ba, an ce sai wata shekara. Ƙofarta tana fuskantar tsakiyar lambun, don haka aka tsara ta tun farko, baƙo ya zauna ya kalli babban itacen. Yanzu kututture ne a wurin, mai faɗi kamar tabarma.

Wata la'asar Fuseini ya biyo, ya sami Garuba zaune a ciki shi kaɗai. Ya zauna kusa da shi, ya miƙe ƙafafu. Wurin yana ƙanshin sabon katako, da ɗan ɗaci-ɗaci.

"Baba, in baƙi suka zo suka ce ina maɗacin da ake labari fa?"

Garuba ya ɗaga sandarsa ya ƙwanƙwasa jan katakon da ke riƙe da kwano.

"Sai in ce su ɗaga kai."